Maigidana na minshari har numfashinsa ya ɗauke

Assalamu alaikum Anti. Daga wani ƙauye a ƙasar Gumel nake rubuto miki. Shekararmu 19 da aure da maigidana, 'ya'yanmu shida. Direba ne, yana jan Kanta, yana ɗaukar riɗi da zoɓo da hatsi daga kasuwanninmu zuwa Dawanau. Da can yakan ɗan yi minshari in ya gaji, amma shekara uku ke nan, tun da ya yi jiki, abin ya zama wani iri, har daga zaure ana jiyo shi. Ba ƙarar ce ta dame ni ba, na saba. Abin da ke hana ni runtsawa shi ne, yana cikin ja sai ya yi ɗif. Ƙirjinsa na motsi amma iska ba ta fita. In yi ta salati a zuci, can sai ya zabura da kakari kamar wanda aka shaƙe, ya juya ya ci gaba. Da safe in na faɗa masa sai ya ce bai san an yi ba, wai sa ido nake yi. Yana tashi fitsari sau uku ko huɗu, ya wayi gari da ciwon kai da bushewar baki. Da rana ko gaisawa ake yi a zaure sai ya hau gyangyaɗi, haka ma a huɗubar Juma'a. Ya zama mai saurin fushi, kuma, ki gafarce ni, ya rage neman shimfiɗata, har na fara zargin abokiyar zamana. Watan jiya yaron motarsa ya tsegunta wa ƙanina cewa sun sauka daga kwalta a hanyar dawowa daga Maigatari, Allah ne ya tsare. Surukata ta ce dannau ne, an karɓo rubutu. Kawunsa ya ce belu ne, a kira wanzami. Shi kuwa ya ce gajiya ce, ya sayo maganin barci a kemis. Shekararsa 47. Yaya zan yi?

Uwargida a ƙasar Gumel

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata.

Ba sa ido kike yi ba. Abin nan da kike zama kina kallo cikin dare, shi likita zai fara tambaya in kuka je gabansa, kuma maigidanki ba zai iya amsawa ba ko da ya so, don barci yake yi lokacin da abin ke faruwa. Ke ce shaida. Ba zan yanke wa mutum ciwo daga wasiƙa ba, wannan sai wanda ya duba shi, amma duk abin da kika lissafa, tun daga ɗif ɗin har fitsarin daren, ya yi daidai da ciwon ɗaukewar numfashi a cikin barci. Likitoci na ce masa afniya. Ki riƙe sunan, zai yi miki rana a asibiti.

Kin taɓa lura da injin ban ruwa na masu noman rani? Tiyon da ke zuƙo ruwa daga rijiya mai tauri ne, da zobba a jikinsa. Wanda ke kai ruwan gona kuwa laushi gare shi, naɗe shi ake yi kamar tabarma. Da za a yi kuskure a sa mai laushin a wajen zuƙa, injin na ja zai manne, ko ɗigo ba zai wuce ba, injin ya yi ta ƙugi a banza. To, maƙogwaron mutum, daga bayan hanci zuwa maƙoshi, babu ƙashi a cikinsa, tsoka ce da nama mai taushi. Muna farke tsokokin a ɗame suke, hanya a buɗe. Barci na ɗaukar mu sai su saki, harshe ya ɗan koma baya, naman ganɗa na can ciki ya sauko. Ga yawancin mutane hanyar na raguwa ne kaɗan. Ga wanda kitse ya taru masa a wuya da gindin harshe, ko mai toshewar hanci, ko mai ƙaramin haɓa, sai ta matse har iska ta riƙa kaɗa naman in za ta wuce. Wannan kaɗawar ita ce minshari. In matsewar ta kai maƙura sai hanyar ta manne gaba ɗaya. Shi ne ɗif ɗin da kike ji, shi ya sa kuma kike ganin ƙirji na ja amma babu iska.

Daga nan iskar oksijin da ke cikin jini ta fara raguwa. Ƙwaƙwalwa na jin haka sai ta firgita shi, ta tashe shi na ɗan sakan biyu ko uku, tsokoki su ɗame, hanya ta buɗe, ya ja wannan kakarin, ya koma. Tashin ya yi gajarta ƙwarai, ba ya tuna shi. Saboda haka in ya ce miki bai san an yi ba, gaskiya ya faɗa, kada ki ɗauke shi musu.

Likitoci na ƙirga tsayawar da ta kai sakan 10 ko fiye, da kuma raguwar numfashin da ta rage iskar jini. In sun kai sau 5 zuwa 14 a awa ɗaya, ciwon bai yi tsanani ba. Sau 15 zuwa 29 matsakaici ne. Daga 30 zuwa sama ya yi tsanani. Ki lissafa da kanki: mai sau 30 a awa, in ya kwanta awa shida, an tashe shi sau 180 kafin asuba. Wa za a zungura sau 180 a dare ɗaya ya wayi gari da fara'a? Ga tushen gyangyaɗin zaure da na masallaci, ga tushen saurin fushin. Mutum ne da ya shekara uku yana kwanciya ba ya samun barci, barci kuwa ba a cin bashinsa.

Sauran alamun ma duk daga nan suka fito. Bakin na bushewa don a buɗe yake kwana. Ciwon kan safe na da nasaba da ƙarancin iska mai kyau da taruwar gurɓatacciya cikin dare, yawanci yakan lafa da hantsi. Fitsarin ne mutane ba su cika haɗa shi da numfashi ba: yayin da ƙirji ke kokawar jan iska ta hanyar da ta toshe, zuciya na jin matsi kamar ruwa ya yi wa jiki yawa, sai ta saki wani sinadari da ke sa ƙoda ta ƙara tace fitsari. Amma ciwon suga ma na kawo wannan, kuma su biyun sukan haɗu a jikin mutum ɗaya, don haka sai an auna.

Maganar shimfiɗa ba abin neman gafara ba ce, gara da kika faɗa. Raguwar sha'awa da raunin gaba na cikin abubuwan da aka sani suna tafiya da wannan ciwon, ga gajiya ga ƙarancin iska ga jijiyoyin jini da ke wahala. Ina roƙonki ki sauke zargin nan daga kan abokiyar zamanki tukuna. Ki same ta ku biyu, ranar da ba ya gari, ki ce mata, "Wai ke ma kina jin yadda Malam ke ɗauke numfashi ranar girkinki?" Zan yi mamaki in ba ta ce miki ita ma tsoron faɗa take ji ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma bakin mata biyu a kan magana ɗaya ya fi wuyar turewa. In kuka ga ya fara sayen maganin ƙarfin maza na kasuwa, ku hana shi da lalama har a san matsayin jininsa da zuciyarsa.

Na san tambayar da ke ranki ba ki rubuta ba: ko wata rana zai yi ɗif ɗin ya zarce? Ƙararrawar nan ta ƙwaƙwalwa da ke tashinsa tana aiki, ita ce ta tashe shi duk daren shekara ukun nan. Ɓarnar ciwon a hankali take zuwa. Kowace zabura na sa zuciya ta buga da ƙarfi, jini ya hau. Mai lafiya jininsa kan sauka da dare da kamar kashi 10 zuwa 20 cikin 100, jijiyoyi su huta. Mai wannan ciwon sau da yawa ba ya samun hutun nan, a kwana a tashi sai hawan jini ya zauna masa har da rana, irin mai taurin kan da ake haɗa magani biyu ko uku bai sauka ba. Bayansa akwai shanyewar ɓarin jiki, da rikicewar bugun zuciya, da suga.

Ina da kawu, Allah Ya jiƙansa, ɗan kasuwar hatsi, mai jiki da kaurin wuya. Muna yara mukan kwaikwayi minsharinsa a tsakar gida, manya na dariya suna cewa barcin mai ƙoshi ke nan. A rumfarsa yakan yi barci da mudu a hannu. Hawan jini ya kama shi, magani bai ji ba, ɓarin jikinsa ya shanye bai kai sittin ba. Babu wanda ya taɓa tambayar matarsa yadda yake kwana, ita ma ba ta ga abin faɗa ba ne. Har yau in na tuna dariyar nan raina na ɓaci. Mun ɗauki minshari alamar barci mai daɗi, alhali wani minsharin kokawa ce. Kuma ba a gidanku aka fara ba: wani nazari da aka buga a 2019 a mujallar Lancet ta cututtukan numfashi ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ke da wannan ciwon a duniya. Ba kowane mai minshari ke cikinsu ba, akwai masu ƙara kawai numfashinsu na tafiya daidai, su tashi garau. Abin da ya raba naki da nasu shi ne ɗif ɗin, da zaburar, da barcin rana.

Yanzu ga abin da ba zai jira gobe ba: maganin barcin nan. A daina shi, kuma a tafi da kwalinsa asibiti a nuna. Irin su Valium da danginsa na ƙara sakin tsokokin maƙogwaro, sannan su danne ƙararrawar da na ce miki ita ke ceton sa, tsayawar ta ƙara tsawo. Haka maganin tari mai kodin, haka tiramol. Piriton da wasu ke sha don su yi barci shi ma yana barin mutum da nauyin ido washegari, ga shi zai hau mota. In ya daɗe yana shan irin Valium kullum, kada ya yanke lokaci ɗaya, likita ne zai tsara masa yadda zai rage. Ba rashin barci ke damun mijinki ba, katsewarsa ce, ƙwaya kuwa ba ta buɗe maƙogwaro.

Batun Inna, surukarki, da dannau, kada ki yi jayayya da ita, ɗanta take ji. Amma ke ki san bambancin. Wanda dannau ya kama yana sane: ya farka, yana jin abin da ke ɗakin, ya kasa motsi ko magana na ɗan lokaci, da safe shi da kansa zai ba ki labari. Maigidanki bai san komai ba, ke kike gani. A ci gaba da addu'o'in kwanciya, babu mai hana wannan, a haɗa da asibiti. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani. In kika faɗa wa Inna cewa ɗanta ya kusa kifewa da mota, ina jin ita za ta riga ku shiri.

Wanzami kam a'a, kuma a nan ba na sassautawa. Toshewar ba a belu kaɗai take ba, tana gindin harshe da ganɗa da bangon maƙogwaro, inda aska ba ta da abin yi. Da yawa daga cikin mazanmu an cire musu belun tun suna cikin tsumma, kuma ga su nan suna minshari. Ki tambayi Inna, ƙila nasa ma an cire tun kafin suna. Yanka a maƙogwaron babban mutum da ba a san matsayin jininsa ba na iya jawo zubar jini mai wuyar tsayawa, da kumburin da zai ƙara matse hanyar da ma a matse take, ban da ciwon hanta da sauran cututtukan da ƙarfen da ba a tsabtace ba ke ɗauka daga wani zuwa wani.

Layin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarki shi ne na yaron mota. Barcin da ke sace direba ba sai ya kwantar da kai ba. Ido na iya zama kamar a buɗe, ƙwaƙwalwa ta ɗauke na sakan uku ko huɗu. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa na cin kusan mita 22 a kowane sakan, a sakan uku ta yi mita 67 babu mai riƙe da ita. A hanyar da ke da amalanke, da 'yan acaɓa, da yara masu talla, da shanu masu tsallakawa, ga kuma mutanen da kan hau saman kaya ranar kasuwa. Rayukan nan duk amana ce a hannunsa. Goro da Nescafe na ɗan jinkirta barcin ne kawai, gadagi da ƙwayoyin tasha kuwa ruɗin ƙarfi suke sa wa mutum su ƙara wa zuciya aiki. Abin da ya dace shi ne ya sauka daga sitiyari har a duba shi a fara magani. Na san abincin gidanku gaba ɗaya ne a motar nan, ba na faɗin wannan da sauƙin baki. In yaron motar ya ƙware kuma yana da lasisi, shi ya ja, Malam ya zauna a gefe ya kula da kaya da ciniki. In ba haka ba a ɗauki wani direban a raba abin da aka samu na ɗan lokaci. Tuƙin tsakar dare zuwa asuba, da na bayan azahar an ci an ƙoshi, su ne mafi haɗari. Duk sanda ya ji ido na nauyi, ko ya kasa tuna garin da ya wuce yanzu, ya faka ya yi barcin minti 20. Wannan dabarar kai kaya gida ce ta ranar, ba ta maye gurbin magani.

To yaya za ki shawo kansa? Ba da dare ba, ba gaban yara ba, ba kuma da kalmar minshari ba, don ita ce ke sa shi jin ana yi masa tsiya. Ki bari ya ci abinci ya natsu, ki ce, "Malam, numfashinka ne ke tsayawa in kana barci, kuma tsoro nake ji. Tunda ka ce ba ka sani ba, ka ba ni izini in ɗauka a waya ka gani da idonka." Gani ya kori ji. Minti biyar ya isa, a sami ɗif ɗin da zaburar a ciki. Sirrinsa ne, daga shi sai likita, kada ya je wayar kowa, ko ta 'yar uwarki. Sannan ki zaɓi dare ɗaya ki zauna awa guda da agogon waya, ki ja layi a takarda duk tsayawar da ta kai ki ƙirga goma a hankali. In ya ƙi ji daga bakinku, kin san wanda yake jin nauyi, wansa ne ko amininsa ko limamin garinku. Shi za a sa ya ce masa su je a auna jini. Maza da yawa da ba za su je asibiti don minshari ba sukan je don hawan jini.

Akwai tambayoyi takwas da likitoci ke fara tantancewa da su: minshari mai ƙara, gajiyar rana, an ga numfashi na tsayawa, hawan jini, ƙiba mai yawa, shekara sama da 50, kaurin wuya da ya wuce santimita 40, da kasancewa namiji. Wanda ya ci biyar yana cikin masu babban haɗari. Daga wasiƙarki kaɗai maigidanki ya ci huɗu. Awon wuyan ba sai kin nemi tef ba, telan da ke ɗinka masa kaftani ya sani, santimita 40 kusan inci 16 ne. In kika ga wuyan tsofaffin rigunansa ya daina ɓalluwa, kin sami amsa.

Ku fara da asibitin da ya fi kusa a auna jini da suga da nauyi. In awon jinin ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a sake aunawa wata ranar, a bi abin da aka ce. Daga nan babban asibitin Gumel, ku nemi ganin likita, ki bi shi, ko ku bi shi ku biyu, don labarin a bakinku yake. Ki faɗi abu uku tun kafin a tambaye ki: numfashinsa na tsayawa cikin barci, direba ne, kuma ya taɓa sauka daga titi. Ku nemi takardar turawa zuwa sashen kunne da hanci da maƙogwaro ko na masu ciwon ƙirji a babban asibiti, irin su Rasheed Shekoni a Dutse ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Tunda yana zuwa Dawanau, Kano ba baƙon wuri ba ce gare shi. Abin da ke tabbatar da ciwon shi ne gwajin barci: a maƙala masa na'urori a yatsa da hanci da ƙirji ya kwana da su, su ƙirga tsayawar da yadda iskar jini ke sauka. Ba kowane asibiti ke da kayan ba, likitan zai nuna muku inda ake yi.

Kafin nan akwai abin yi a gida. Kwanciyar rigingine ita ce mafi muni, don harshe baya yake faɗawa. Ya kwanta a gefe, na dama ma shi ne sunna, wannan Inna da kanta za ta taya ki faɗa. Da yake mai barci ba ya sanin sanda ya mirgina, ki ɗinka ɗan aljihu a bayan singiletin da yake kwana da ita, tsakanin kafaɗu, ki sa ƙwallon goruba a ciki. Yana komawa rigingine za ta tokare shi ya juya. A ɗaga wajen kan gadon ko katifar kaɗan, daga ƙirji zuwa sama, ba tara filo a ƙarƙashin wuya ba. Lokacin hunturu, da ƙura ke toshe hanci, ya wanke hancinsa da ruwan ɗumi mai tsabta da ɗan gishiri kafin ya kwanta, kuma gidan sauro ya fi masa maganin sauro na hayaƙi a rufaffen ɗaki. In yana shan sigari, wannan ma dalili ne na bari.

Jikin da ya yi shi ne babban aikin, kuma rabinsa a madafarku yake. Mu nan in namiji ya ajiye tumbi sai a ce hutu ya zo, alhali zaman mota ne da shayi mai suga cokali huɗu, da burodi, da lemon kwalba, da malmalar tuwo uku ƙarfe goma na dare. Wani dogon bincike da aka yi a jihar Wiskonsin ta Amurka, aka buga a 2000, ya nuna cewa rage kashi 10 cikin 100 na nauyi na rage yawan tsayawar numfashi da kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Mai kilo 90, kilo 9 ke nan. Ba yunwa za ku sa shi ba. A rage suga da mai, a yawaita miyar ganye da wake da zogale, a ci na dare da wuri, ya riƙa takawa da ƙafa zuwa gona ko masallaci mai ɗan nisa. Sai dai ki sani sirara ma na kamuwa, kuma rage ƙiba kaɗai ba lalle ya isa ba in ciwon ya yi tsanani.

Ga mai tsanani akwai na'urar da ake kira sifaf, wadda wani likita a Ostareliya, Colin Sullivan, ya fito da ita a 1981. Ƙaramin inji ne da ke hura iska a hankali ta wani abin rufe hanci, iskar ta tokare maƙogwaro kada ya manne, kamar a ce an mayar da tiyon nan mai laushi mai tauri. Wanda ta karɓa yakan ji bambanci cikin 'yan kwanaki. Tana da tsada, tana son wuta duk dare, a ƙauye sai an haɗa da sola da batir, kuma sai an yi haƙurin sabawa da ita. Wasu kuma likitan haƙori ke yi musu abin sawa a baki da ke turo haɓa gaba, wasu aikin hanci ko cire tonsil, wato ƙulluttan nama biyu da ke gefen maƙogwaro, ne maganinsu in su ne suka toshe hanya. Gwaji ne zai nuna nasa, kada ku sayi komai kafin nan.

In kuwa wata rana kika ga bakinsa ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta rasa ƙarfi, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya riƙe shi, a nemi mota a lokacin, ko tsakar dare ne, kada a tsaya jiƙa komai. Haka in ƙafafunsa suka fara kumbura, ko ya zama ba ya iya kwanciya sai a jingine saboda haki, wannan zuciya ce ke neman a duba ta da gaggawa. Ki kuma saurari yaran, don abin na bin dangi: yaron da ke minshari kullum, yana kwana baki buɗe, yana fitsarin kwance bayan ya wuce shekarunsa, a nuna wa likita maƙogwaronsa.

Ke ma ki yi barci, ƙanwata. Ba sai kin kwana gadi ba. In kika farka kika ji ya yi ɗif, ki tura kafaɗarsa ya koma gefe, ki kwanta. Jibi Alhamis kasuwar Maigatari ce, kafin ranar a san wanda zai riƙe sitiyari a dawowa. Ki rubuto min abin da awon jinin ya nuna.